Sha-Jini a Bayan Taga

Kawuna direban motar kayan fim ne, kafin wata rana darakta ya hango fiƙoƙinsa yana dariya. Daga ranar ya zama Sha-Jini, dodon da ke tsotse jinin mutane ta wuya a finafinan ban tsoro. Ni ce mai yi masa kwalliya: farar hoda, baƙi a ƙarƙashin ido, jan ruwa a haɓa. Mutumin da ko allura ake yi wa wani sai ya kau da kai!

Ba a taɓa ba shi kalma ɗaya ya faɗa ba. Aikinsa ya tsaya a bayan taga ya zuba ido, sannan ya shigo ya sunkuya a wuyan mai barci. Ya roƙa a sa shi malami, ko maigadi, ko gawa ma, aka ce jama'a sun riga sun haddace fuskar. Ya koma neman tuƙi, masu motoci suka ce zai kore musu fasinja.

Abin da ya fi ci masa rai autarsa ce. Ta ga fim ɗin a wayar maƙwabta, tun daga nan in ya miƙa mata hannu sai ta shige bayan uwarta.

Ya samu darakta ya ce, "Ranka ya daɗe, sau ɗaya tak a bar ni in tarar da yarinya tana barci, in ja mata bargo in fita. Don 'yata ta gani."

"Haba Sha-Jini! In ka yi tausayi, wa zai ji tsoronka? Kai fa a nan ba mutum ba ne."

Wallahi na so in watsa wa daraktan hodar a ido.

Da zazzaɓi ya kwantar da autar a asibiti, kawu ya dirje fuska da sabulu muka tafi tare. Muka tarar tana barci, bargo ya zame. Ya gyara mata, sannan ya kai kuncinsa wuyanta don ya ji zafin jikin, kamar yadda ya saba tun tana jaririya.

Sai ta buɗe ido. Ta ƙwalla ƙara, ta fizge har robar ƙarin ruwa ta fita.

Nas ta ce, "Baba, yi haƙuri, ɗan jira a waje."

Da na fito na same shi a bayan tagar ɗakin, ledar lemo a hannu, ya zuba mata ido ta gilashi.

Na ce, "Kawu, matsa daga nan, za ta gan ka."

Ya ce, "To ina zan tsaya?"