Rantsuwar Kawu Depite a Kan Jirgin Blitta

Duk wanda ya tashi a Zangon Sokode ya san abu biyu ne ba sa saɓa lokaci da safe: kiran Asuba da sanarwar Kawu Isufu. Da an sallame sai ya saɓa sandarsa, ya nufi bakin gari ta kudu, ya kare ido da tafin hannu yana hangen hanyar Blitta, inda layin dogo ya ƙare. Ya daɗe yana hange. Sannan ya dawo rumfar mahauta, ya gyara murya, ya ce, "Jama'a, yau ma bai iso ba."

Mahauta su ce, "Allah ya kawo shi, Depite!"

Shi kuwa ya ce, "Allah ya ba su ƙarfe, ya ba su hannu. Su ne suka ƙi."

Depite dai, wato ɗan majalisa, suna ne kawai, ku da kanku kun sani. Ƙafarsa ba ta taɓa taka majalisa ba. Wan mahaifiyata ne, dillalin shanu, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koro garke daga arewa zuwa Blitta a loda su a jirgi. Da aka sami 'yancin kai ya tsaya takara a ɓangaren adawa, kuma a ƙofar masallaci, gaban manya da yara, ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba zai ƙara sa ƙafarsa cikin mota ba sai ranar da jirgin ƙasa ya yi kuka a Sokode. Ya sha kaye mai kyau. Har yau ana zargin ko matarsa, Inna Hajo, ba shi ta jefa wa ba. Takara ta wuce, rantsuwa ta zauna.

Da sojoji suka karɓi mulki aka soke jam'iyyun adawa, sai ya ce tasa tana cikin hularsa, wanda ya isa ya zo ya tuɓe. Ni kuwa, da yake Allah ya hore mini rubutun ajami, ni ne sakatarensa ba tare da an tambaye ni ba. In na tashi daga makaranta sai ya zaunar da ni ya ce, "Malam Sule, rubuta." Sai in rubuta manufofin gwamnatin da ba za a taɓa kafawa ba, cikin wani kundi mai bangon fata.

Sau nawa na ce masa, "Kawu, addini sauƙi ne. Ka ciyar da miskinai goma, rantsuwa ta warware, ka shiga mota kamar kowa."

Sai ya harare ni. "Su suka kasa shimfiɗa ƙarfe, ni zan dafa tuwo? Kai, karatun nan naka bai kai ka ko'ina ba."

To, ranar da abin ya fashe, wani babba ne ya zo daga Lome. An share gari, an jera mu a rana muna tafi. Yana cikin bayanin ci gaban da aka kawo wa arewa, sai ga muryar Kawu daga baya: "Ranka ya daɗe, sannu da gajiya! A jirgin ƙarfe nawa ka iso?"

Wallahi da allura ta faɗi da an ji. Mutum ɗaya ne dariya ta kufce masa, wani jandarma mai suna Mumuni, ɗan ƙabilar Kotokoli 'yan asalin garin, ya yi sauri ya mayar da ita tari.

Kashegari kumandan, shugaban jandarmomin garin, ya yanke hukunci: a kai Kawu Dapaong a ƙarshen arewa, ya zauna can sai an neme shi. Aka kawo mota ƙofar gida. Kawu ya zauna dirshan a ƙasa ya ce shi da mota sai jirgi ya zo. Jandarmomin duk Musulmi ne, duk sun san rantsuwar, kowa na tura ɗan'uwansa ya fara kama shi. Na matsa na raɗa masa cewa wanda aka tilasta ba shi da laifi. Ya ce, "Rufe mana baki, wa ya tambaye ka fatawa?"

Kumandan ya gaji. Ya ce, "Tunda ƙafa yake so, ya tafi da ƙafa." Ya juya ya nuna Mumuni. "Kai mai tari, kai za ka raka shi. Hannu da hannu za ka miƙa shi. Ka isa babu shi, kai ka maye gurbinsa, kakin ma ka tuɓe."

Mahaifiyata ta ce ba za a bar wanta ya tafi shi kaɗai da mai bindiga ba. Haka na ɗauki buta da buzu da kundi na bi su.

Jama'a, kada ku tausaya wa Kawu. Tafiyar nan hanyar shanunsa ce, ya san kowace rijiya da kowace inuwa. Mumuni ne abin tausayi. Tun kafin mu hau duwatsun Bafilo takalman gwamnati suka fara cin ƙafarsa. Ɗaurarre na gaba yana taku kamar ango, mai tsaronsa na baya yana ɗingishi yana kira, "Baba, don Allah a rage sauri!" Kawu ya waiwayo ya ce, "Yi haƙuri ɗana, kada in tsere maka ban sani ba."

Kuma ga shi ya sami abin da ya rasa shekara da shekaru: ɗan gwamnati wanda ba shi da ikon tashi ya bar masa wurin.

A wani shinge muka tarar da sojoji suna zazzage kwandunan mata. Muna zama a inuwa Kawu ya ce, "Malam Sule, rubuta, babin tsaro. Ƙasar nan ta zauna lafiya, gama an kama doya uku da kaza ɗaya suna shirin juyin mulki." Ina cikin rubutawa sai wani soja ya fizge kundin. Ya buɗe daidai shafin, ya ga baƙaƙen Larabci, sai ya cire hula, ya ɗora kundin a goshi, ya miƙo mini da hannu biyu ya ce a sa shi a addu'a. Kunya ta kama ni, na yi masa addu'a ta gaskiya. Kawu kuwa da muka wuce sai faɗa: "Ka gani ko? Ko zaginsu ba su iya karantawa ba! Wa zai yi adawa da irin waɗannan?"

Wata rana kuma maganar baƙi ce ta motsa masa. Ya ce in ya hau mulki, duk wanda zai shigo ƙasar nan sai da takarda mai hatimi, da sunan ubansa da na kakansa. Mumuni, da wuya ta fara koya masa baki, ya ce, "Baba, a gafarce ni, ai ku ne baƙin. Mu kuka tarar. Unguwarku ma Zango sunanta."

Kawu ko gezau. "Dokar tana farawa ne daga wanda ya zo bayan kakana."

Ba mu yi nisa ba ƙishi ya kama mu, ruwan buta ya ƙare, sai ga wasu Fulani da suka gangaro daga ƙasar Haute-Volta, ba takarda ba hatimi, suka ɗauko mana ƙwaryar nono. Kawu ya kafa kai. Da ya ɗago, gemu fari fat, ya ce, "Malam Sule, wancan babin, a dakata da shi tukuna."

A ƙasar Kabiye muka ga samari suna kokawa, nan ma ya ce in rubuta. Shi bai yarda da ƙwallo ba, ya ce asarar takalmi ce. Dambe za a mayar wasan ƙasa, kuma da shi za a riƙa raba gardamar mulki. Bayan girbi duk mai son kujera a naɗe masa hannu ya shiga fili. "Wanda aka kayar ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi gida wurin 'ya'yansa. Ba sai mun tashi da safe mun ji kiɗan soja a rediyo muna tambayar wa aka binne ba."

Mumuni ya toshe kunnuwa da yatsu. "Ni ban ji ba! Malam, ka shaida ban ji ba!"

Bayan mun wuce Mango, Mumuni ya haƙura da takalman gwamnati, ya rataye su a wuya, Kawu ya ba shi nasa na ajiya, irin na fata. Da hantsi ya ratsa ciyawa zai kama ruwa. Ihu kawai muka ji. Kububuwa ce, a idon sawu.

Kawu ya ɗaure ƙafar da rawaninsa, ni ina tofa abin da na sani. Kafin azahar ƙafa ta kumbura, dasashinsa ya fara jini. Allah ya jeho wata babbar mota da ta sauke shanu tana komawa Dapaong. Direba ya ce a ɗauko shi maza. Mumuni ya riƙe gefen mota ya ƙi hawa.

"Hannu da hannu aka ce. In na isa babu Baba, an tuɓe ni, an rufe ni. 'Ya'yana huɗu ne."

Na ce zan kawo Kawu da kaina, na rantse masa. Ya ce kumandan bai san rantsuwa ba, takarda ya sani.

Kawu ya tsaya yana kallon motar nan kamar mai kallon kabarinsa. Wannan rantsuwa ita kaɗai ta rage masa. Ba kujera, ba jam'iyya, ba mai sauraro sai mahauta. Ita ce takararsa da ba a kayar ba. Wannan karon ban kawo masa fatawa ba.

Ya miƙo mini sandarsa. Ya ce, "Rubuta, Malam Sule. Ba don gwamnati na hau ba." Ya yi bisimilla cikin fushi, ya taka, ya zauna cikin kashin shanu ya ɗora kan Mumuni a cinyarsa. Sannan ya runtse ido. Har muka isa asibiti bai buɗe ba, wai don kada a ce ya taɓa ganin cikin mota.

Mumuni ya tashi, da ikon Allah, sai dai ɗingishin ya zauna masa.

Saura kaffara. Kawu ya sa aka dafa tuwo da miyar kuka da nama, ya ce in ɗauka mu je. Ina tsammanin ƙofar masallaci za mu, sai na gan mu a barikin jandarma. Ya ƙirga goma ya zaunar da su. Na ja shi gefe na ce, "Kawu, miskinai fa Littafi ya ce."

Ya ce, "To su waɗannan fa? Wandon da ke jikinsu ba nasu ba ne. Dariyarsu ma ba tasu ba ce, sai sun mayar da ita tari. Nuna mini wanda ya fi su."

Suka cinye tas suna sa masa albarka. Ni dai daga baya na ciyar da wasu goma a ɓoye ranar kasuwar Korbongou, don kada a je lahira a tarar hujjar Kawu ba ta ci ba.

Kuma kun san me ya yi da gari ya waye? Ya sake yin alwala, ya sake dafa Alƙur'ani. Sabuwa fil! Da aka sallame shi daga Dapaong, a ƙasa ya dawo gida, ya iso da safe, bai ko shiga wurin Inna Hajo ba sai da ya zarce bakin gari ya hango, ya dawo rumfar mahauta ya ba su labarin da suka daɗe ba su ji ba.

Ranar da muka kai shi makwanci, a kafaɗa muka ɗauke shi, abin hawa ɗaya da bai yi gardama da shi ba. Wani dattijo mai ɗingishi ya kama gaban makara ya ƙi sakar wa kowa har bakin kabari. Da muka biyo ta rumfar mahauta babu wanda ya iya duban kudu.

Ya Allah, ka san abin da bawanka Isufu ya riƙe, ka kuma san ranar da ya sake shi da dalilin sakinsa. Ka karɓi wannan, ka yafe masa sauran. Ka yalwata masa kabari, ka ƙetarar da shi Siraɗi cikin masu wucewa kamar walƙiya. In kuwa ya kafe sai a ƙasa zai taka, ya Rabbi, ka riƙe masa hannu. Amin.