Ɗaya Bakin Igiyar

A bayan gari a jihar Minnesota ta Amurka, inda dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa a gindin shinge ba, wani dogon dattijo yana tsaye cikin makeken lambun da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Yana damƙar ƙasa yana murzawa. Ta sha iska, lokacin shukar wake ya yi. Sai ya warware igiyar daidaita layi, wadda aikin mutum biyu ce, ya ce, "Ja kaɗan," bai ko waiwaya ba. Babu kowa a ɗaya bakin, sai tsohuwar malafar marigayiyar matarsa a kan turke.

Maƙwabciyarsa ta leƙo ta kan shinge. "Baba Orval, in zo in riƙe maka? Kada ka shuka mana maciji!"

"Bar shi, 'yata. Mai wurin ma ba ta taɓa riƙewa daidai ba, ban kuwa sallame ta ba."

Ya ɗaure igiyar a turken. Layin ya fito sambal, wataƙila karo na farko a tarihin lambun. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sa ƙafa ya ɗan karkatar da turken.