Malam Bi-Layi da Akwatin Waifai

A duk unguwar, mutum ɗaya ne ya taɓa yaƙi da kamfanin intanet ya yi nasara, shi ne Malam Bi-Layi. Shi dai kamfanin har yau bai samu labarin an yi yaƙin ba.

Ya samo sunan ne a tagar ba da kati ta wani asibiti, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana faɗa wa jama'a kalmomin nan biyu. Ya yi ritaya da ciwon baya da kuma aƙida guda: duk masifar duniya daga rashin tsarin layi take farawa. A tagarsa mai naƙuda ba ta tsayuwa bayan mai neman takardar hutu, ko da ƙanin shugaban asibitin ne.

Autarsa tana aiki a wani gari mai nisa, ta kuma daɗe rabonta da gida. Duk ƙarshen mako takan kira shi ta bidiyo. Sukan gaisa, ya tambayi aiki, sannan ya kawo tambayar da ta zaunar da shi a kujerar tun farko: yaushe za ta zo? Daga nan sai fuskarta ta tsaya cak. Kafin abin ya warware an koma hirar zafin gari. Malam ya tabbata amsar tana fitowa daga bakin 'yarsa, a hanya ne take maƙalewa.

Ya kira kamfanin. Wata yarinya mai ladabi ta ce ya kashe akwatin waifai ɗin ya kunna. Ya ce ya kashe ya kunna har akwatin ya fara gane takunsa. Ta ce to ya ƙara kuɗi ya koma babban tsari. Ya ce shi ba ya ƙara wa mai laifi albashi.

Babban ɗansa, mai ɗaukar bidiyon bukukuwa, wanda ke zaune da iyalinsa a sashen baya, shi ya yi kuskuren yi masa bayani. Ya ce layin intanet na gidan siriri ne, akwatin kuma mai haɗama ne. Duk abin da aka tura masa sai ya karɓe ya tara, ya riƙa fitarwa bi da bi. In ana ɗora bidiyon biki, dole maganar Baba da Auta ta jira a baya.

"Wato 'yata tana tsaye bayan rawar amaryar wasu?" in ji Malam.

"Kusan haka ne, Baba."

"Wa ke kan taga?"

"Babu kowa."

Malam ya aika a ɗauko masa tabarau. Ya sa ɗan ya buɗe masa cikin akwatin a waya, ya kafa doka biyu. Ta farko, magana tana gaba, manyan kaya suna baya. Ta biyu, a rage wa akwatin gudu ya zama ƙasa da abin da layin ke iya ɗauka, don cunkoson ya taru a tagarsa, ba can wurin kamfani ba inda ba shi da ta cewa. Da yake layin mai sauyin hali ne, ya yi gudu da safe, ya yi rarrafe da yamma, in hadari ya haɗo ya kwanta, sai Malam ya ɗaure akwatin a kan gudun ranar da layin ya fi lalacewa.

Gida ya ɗauki zafi. Ɗan ya ce aikin da yake turawa kafin la'asar yanzu sai ya kwana, angwaye sun dame shi da kira. Matar ɗan ba ta iya faɗa wa Malam ido da ido ba, sai ta bi ta wurin uwar mijinta cewa a fim ɗin da take kallo ba ta ƙara bambance jarumi da mugu. Matar Malam ta ce an sallame shi daga asibiti ya zo ya buɗe wani a falo, saura ya fara ba su kati kafin su shiga banɗaki.

Malam bai ɗaga murya ba. Ya canza lambar sirrin shiga cikin akwatin, ya ɗauke akwatin ya ɗora bisa kabad ɗin ɗakinsa, ya lulluɓe shi da hankici saboda ƙura. Da ɗan ya dawo da ƙorafi, ya dube shi ta saman tabarau.

"Ka kashe wayarka ka kunna."

Ƙarshen mako ya zo, Auta ta kira. Hoto ya fito tar, har tsagar da ke jikin bangon ɗakinta ana gani. Malam ya yi tari, kafin ya rufe baki ta ce masa sannu. Ya juya ya kalli matarsa, irin kallon wanda kotu ta wanke. Ita ma ta matso kusa. Ya gyara zama, ya gyara hula, ya ce, "To Auta, yanzu hanya a buɗe take. Yaushe za ki zo gida?"

Fuskarta ta tsaya cak kamar kullum. Fankar da ke bayanta kuwa ba ta daina juyawa ba.