Gadon Aurena a Turken Shanu

Shekarar da ɓarayin shanu suka hana kowa kiwo a dajin Dabai, maigidana yana can bakin daga da kayan soja. Ya bar mini bijimai biyu na noma da harawar wake a kan rumfa. Dole na ɗaure su a gida, kuma dole harawar nan ta kai mu ruwan farko, in ba haka ba sai kasuwa.

Shanu ba su san tattali ba. In na zuba musu dami a ƙasa, sai su fizge shi, su tattake, su yi fitsari a kai, sannan su tsaya suna kallona kamar ni na yi laifi. Ganyen da ke da amfani duk ya bi ƙasa. Rumfa tana ramewa, rani ko rabi bai yi ba.

Wan mijina ya zo ya ɗaga kai ya dubi rumfar.

"Matar ƙanena, saishe su tun suna da nama. Mace ba ta iya riƙon shanu da rani."

"Na ji, Yaya," na ce. Raina ya ɓaci. Da zai ce harawa ba ta isa, da na yarda. Amma mace?

Abin zuba musu harawa nake so, wanda ba za su iya tattakewa ba. Ba ni da katako, ba ni da ƙarfe, sai gadon da uwata ta saya mini na aure. Na janyo shi tsakar gida. Na kafa shi a kan turaku daidai ƙirjin bijimi, na ɗaure sanduna a gefe da waya, tazarar da baki zai shiga amma ƙafa ba za ta shiga ba. A ƙarƙashi na ajiye rabin duro don ya tare ganye. Karon farko da na zuba harawa a kai, babban bijimin ya sa ƙaho ya watsar da komai. Na sake haƙa rami, na danne turakun da duwatsu, ina zaginsa yana tuƙa.

Matan unguwa suka yi ta leƙe ta katanga. Wata ta ce, "Mi za ki hwaɗa wa mai gida in ya dawo? A ina za shi kwana?"

"In barci ya kawo shi, ga tabarma."

Ruwa ya yi jinkiri. Na koma auna harawa da hannu, ina kwashe ganyen duro in mayar sama. Haƙarƙarin shanun ya fito, ni ma nawa ya fito, na ji tsoro ƙwarai amma ban bari kowa ya gani ba.

Da ruwa ya sauka, Yaya ya aiko a gaya mini zai nemo wanda zai riƙe mini garma. Na ce a gode masa. Kafin ɗan aiken ya fita, na riga na ɗora musu karkiya, muka bi ta ƙofar gidan Yaya zuwa gona, ko da yake ba nan ce hanya ba.