Kafinta Ya Tafi Bai Nuna Mini Kuskuren Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran Farfesa, babban likitan tiyatar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, jim kaɗan bayan ya gama zagayen duba marasa lafiya. Zuciya ce ta tsaya. Ma'aikaciyar jinyar da ta bugo mini waya ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta ce, "Likita, sai haƙuri, abokin faɗanka ya rasu." Farfesa, ba ta san da wane suna za ta kira ka a wurina ba, kuma wanda ta zaɓa ya yi daidai.

Jami'a ta fitar da sanarwa mai kyau. An ce ka wallafa maƙalu fiye da ɗari biyu, masu bincike a faɗin duniya sun kafa hujja da su sau dubbai, kuma da wuya a yi rubutu a fanninmu ba a ambace ka ba. Duk gaskiya ne. Abin da sanarwar ta tsallake shi ne, kaso mai tsoka na wannan ambato ni na tara maka shi, kuma ba don yabo ba.

Cuta ɗaya muka ƙarar da ƙuruciyarmu a kanta. Jijiya ce takan yi rauni a cikin ƙwaƙwalwa, ta kumbura kamar ƙaramin balan-balan, in ta fashe kuwa sai abin da Allah ya yi. Kai kana buɗe ƙoƙon kai, ka lallaɓa har wurin, ka datse wuyan kumburin da ɗan maƙalin ƙarfe. Ni ina shiga ta jijiyar cinya da siririyar waya, in tura ta har sama, in cushe kumburin daga ciki. Don haka ka laƙaba mini Mai Famfo a gaban taro, wai ni mai gyaran bututun ruwa ne, ni kuma na rama da Kafinta. Sunayen suka bi mu har furfura. In na rubuta, ka yi raddi. In ka rubuta, ba na barci mai daɗi sai na mayar. Editocin mujallu sun ji daɗinmu ƙwarai.

Amma kana da wata al'ada da ban ga mai irinta ba. Ba ka taɓa sukar mutum a rubuce sai ka fara faɗa masa ido da ido. Ba a waya ba, ba a takarda ba. Sai in tuƙa mota in ƙetare gari zuwa ofishinka, in tarar da kujerar baƙi cike da mujallu, in tsaya a tsaye kamar ɗalibi. Kai kuma ka jona butar shayi, ka ɗauko ƙwaƙwalwar robar nan da rabinta ya ɓata tun tuni, ka sa biro ka nuna mini inda na kauce. Wata shekara ka gano cewa majinyatan da ba su dawo asibiti ba mun lissafa su cikin waɗanda suka warke. Na fita ina huci. Da muka bi sawunsu, sai ga wasu kumburin ya dawo, muka kira su aka gyara. Akwai mutanen da ke yawo da ƙafafunsu yau saboda baƙar maganarka ta wannan rana.

Ranar Litinin, jajibirin rasuwarka, ka kira ni. Edita ya aiko maka da sabuwar maƙalata don ka duba kafin a buga, wadda ni da yarana, ƙananan likitocin da ke ƙarƙashina, muka shafe shekaru muna haɗawa, a kan wata sabuwar hanyar isa ƙananan jijiyoyin da ke can bayan ƙwaƙwalwa. Muryarka cike da nishaɗi, irin wanda na sani kuma nake tsoro.

"Mai Famfo, famfonka na yoyo."

"A ina?"

"Haba, yau ka san ni? Zo ranar Laraba, ka taho da sukari, nawa ya ƙare."

Ranar Laraba a gidanka na wuni, ina zaune a kan tabarma cikin masu karɓar gaisuwa.

Ban taɓa shiga gidan nan ba sai ran nan. Ina ta tunanin yadda zan gabatar da kaina, sai autarka ta durƙusa ta ce, "Kawu Mai Famfo, sannu da zuwa." Ashe da sunana suka tashi. Mai ɗakinka ta ce in maƙalata ta fito, abinci yakan huce a gabanka, kana karatu kana faɗa kai kaɗai, in ka gama kuma ka ce, "Wannan mutumin dai yana da kai, taurinsa ne ya yi yawa." Na tambaye ta ko ka ce wani abu game da ta ƙarshen nan. Ta girgiza kai. Ta ce dariya kawai ta ji kana yi.

Akwai abin da ban taɓa rubutawa ba, bari in rubuta yau. Lokacin da aka gano irin wannan kumburi a cikin kan matata, na duba hoton na ga wayata ba za ta iya ba. Wuyansa ya yi faɗi. Na ɗauki hoton na kawo maka. Ka ɗaga shi a hasken taga, ka daɗe kana kallo, sannan ka kwashe mujallun da ke kan kujera ka ce in zauna. Kai ka yi mata aikin. Ta ƙara shekaru masu albarka, ta ga auren 'ya'yanta, kafin wata cutar daban ta ɗauke ta. Ga hujja mafi ƙarfi a kaina ta faɗo hannunka, amma ko sau ɗaya ba ka yi mini gori da ita ba, a rubuce ko a baki. Wata biyu bayan aikin ka ragargaji wata maƙalata kamar ba ka san ni ba, na kuwa gode maka a zuciya.

Ka sha gaya mini cewa yawan ambato ba ya ruɗin ka. Ka ce akasarin masu kafa hujja da kai ba su wuce shafin farko ba, sunanka kawai suke jinginawa don rubutunsu ya yi nauyi. A lokacin na ɗauka tsiyarka ce ta kullum. Yanzu na gane. Ni ma ana ambatona, amma mai karanta ni tun daga kanu har ƙasa, yana neman inda zan faɗi, mutum ɗaya ne.

Na bai wa manyan ɗalibanka maƙalar. Suka dawo da ita cikin ladabi suka ce, "Ranka ya daɗe, ba mu ga komai ba." Yarana ma haka. Edita ya ce sauran masu dubawa sun amince, in na ce a buga, za a buga. Ni kaina na karanta ta har na haddace. Nakan zauna a ofis bayan an tashi, in yi ƙoƙarin karanta ta da idonka, in yi wa kaina irin tambayoyinka na rashin kunya. Ban ga yoyon ba. Kuma na san yana nan, domin ba ka taɓa cewa akwai kuskure, a duba a rasa ba.

In ta fito, za a ambace ta. Wani matashin likita a wata ƙasa zai karanta, ya yarda da ni, ya tura waya cikin kan 'yar wani. Shi ya sa jiya na ce wa edita ya dakatar da ita. Yarana sun ji zafi, don wasunsu da ita suke sa ran ƙarin girma, kuma ban ga laifinsu ba. Sun tambaye ni har zuwa yaushe. Na ce sai na gano abin da Kafinta ya gani. Dukanmu mun san mai yiwuwa in mutu ban gano ba.

Allah ya jiƙan ka, Kafinta. Allah ya sa rayukan da ka ceta da iliminka su zame maka haske a kabari, ya yafe maka kurakuranka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da ɗalibanka, da majinyatan da har yanzu suke zuwa suna tambayar ka a bakin ƙofa. Allah ya ba su haƙuri da dangana. Mu da muka rage, Allah ya kyautata ƙarshenmu, kada ya bar mu cikin mutanen da kowa ke ce mana daidai ne.