Baba Injiniya, Mai Hawa Jirgi Rungume Da Kwamfutar Ɗakin Jini

Ƙarfe bakwai saura kwata yake shigowa asibiti, kafin masu shara su gama da baranda. Yakan jingine kekensa a bayan ɗakin janareta, ya wanke hannu, ya wuce ɗakin gwajin jini kai tsaye. A can ƙurya, ƙarƙashin teburin ƙarfe, akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur, fara ce a da, yanzu ta koma kalar haƙorin tsoho. Sai ya durƙusa ya kara kunnensa a jikinta, ya saurari fankarta kamar yadda likita ke sauraron ƙirjin jariri. In ya miƙe yana murmushi, mun san za mu wuni lafiya. In ya miƙe ya zaro buroshi daga aljihu, to kowa a ɗakin ya san akwai matsala.

Baba Injiniya muke ce masa, ko da yake takardarsa ta gyaran wutar lantarki ce kawai, sauran duk da hannu da ido ya koya. Shekararsa ashirin da shida a asibitin nan, kuma ƙarshen watan nan zai yi ritaya. Ni ce mai kula da ɗakin gwajin jini, shekara goma sha ɗaya muna aiki tare. Na ga bai kamata ya tafi ba tare da mutane sun ji abin da ya yi musu ba.

Duk jinin da aka ba da kyauta, sai na'urarmu ta gwada shi kafin a ƙara wa marar lafiya. Na'urar kuwa ba ta jin maganar kowa sai ta wannan tsohuwar kwamfuta. Kamfanin da ya ƙera su ya daɗe da rufewa, abin da ke cikinta kuma ba ya kwafuwa zuwa wata. Mutum ɗaya ya rage da ya san cikinta, wani tsohon ma'aikacin kamfanin da ke zaune a babban birni, ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya iya tafiya. Sai dai a kai masa. A mota kwana biyu ne, kan hanyar da ramukanta ke kwance ƙusoshin mota, balle na kwamfuta. A jirgin sama awa ɗaya da rabi. A da kwamfutocin biyu ne. Ɗayar mun aika da ita cikin kayan da ake lodawa a ƙasan jirgi, ta dawo da ƙugu a lotse, ba ta ƙara tashi ba.

Shi kuma Baba Injiniya, duk asibitin an san yana tsoron sama. Tsani in ya wuce hawa uku, jikinsa rawa yake. Benen asibiti ma jikin bango yake bi. Har tsokanarsa muke yi, muna cewa da shi da kaza ba a san wanda ya fi wani son ƙasa ba.

Wata Talata da safe, shekara tara ke nan, ya durƙusa ya saurara, ya daɗe bai miƙe ba. Ya danna maɓalli, shiru. Ya sauya waya, ya sauya soket, ya buɗe ta ya duba, shiru. A firij muna da leda tara ta jinin da aka gwada, da arba'in da wani abu da na'urar ba ta gwada ba. A ɗakin yara akwai masu sikila huɗu da ke jiran ƙarin jini, ɗakin haihuwa kuwa ba a san abin da zai zo ba. Akwai gwajin gaggawa, amma ba ya kama cutar da ta shiga jikin mutum kwana-kwanan nan, kuma ba wanda ke son ya ceci yaro yau ya saka masa ciwon da zai ci shi gobe.

Babban likita ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Leda tara ba za ta kai mu jibi ba. Wa zai kai ta?"

Ba wanda ya ɗaga kai. Ni dole in je, domin sunayen masu ba da jini da sakamakonsu suna cikinta, amanar a wuyana take. Amma ni ban san waya daga waya ba. Sai na ji muryar Baba Injiniya daga ƙarƙashin tebur, a hankali.

"Ni zan kai ta, likita. A hannuna zan riƙe ta, ba za ta shiga ƙasan jirgi ba."

Ya zare faifan da ke cikinta, wanda shi ne ƙwaƙwalwarta, ya naɗe shi da hular jarirai da ungozoma ta ba shi, ya sa a aljihun ƙirji ya maƙale da fil. Akwatin kwamfutar kuma ya cusa masa soso a ciki don kada komai ya motsa, ya naɗe shi da bargo, ya saka a jakar zane mai hannu biyu. Muka shiga motar asibiti zuwa filin jirgi. Leɓensa ya bushe, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

Tashin hankali na farko a wajen bincike ne. Jakar ta shiga na'urar haska kaya, sai na ga mai kallon allo ya tsayar da bel ɗin da ke jan kaya, ya kira na kusa da shi, shi ma ya kira wani. Wayoyi ne suka gani a cunkushe cikin akwatin ƙarfe. Aka ce kowa ya ja da baya. Wata mata ta sure ɗanta ta yi can gefe. Wani jami'i ya ɗora hannu a ƙugunsa, inda bindiga take.

Ya ce, "Jakar waye wannan?"

Baba Injiniya ya ce, "Tawa ce, ranka ya daɗe. Kwamfuta ce."

"Kunna ta mu gani."

"Ba ta tashi, ranka ya daɗe. Shi ya sa za a kai ta gyara."

"Mene ne wannan a aljihunka?"

Ya kai hannu zai ciro, jami'in ya daka masa tsawa ya ce kada ya motsa. Dattijo ne tsaye a tsakiyar fili, hannuwa a sama, ƙarfe naɗe a ƙirjinsa, ga akwati mai wayoyi da ba ya kunnuwa. Na san abin da kowa ke zato. Na miƙa takardar asibiti, ba wanda ya karɓa.

Sai shugabansu ya zo, mutum mai furfura, ya karanta takardar har ƙarshe. Ya ce a buɗe akwatin. Sukundireban Baba Injiniya an riga an ƙwace a ƙofa, sai ya roƙi makullin wani jami'i ya kwance ƙusoshin da bakin makullin, ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a tafin hannuna. Ya nuna musu kowane abu da sunansa da aikinsa, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Suka shafa audugar gwaji a ciki da waje, suka haska faifan shi kaɗai. Shugaban ya dube shi ya ce, "Baba, ɗaure kayanka. Allah ya ba marasa lafiya lafiya."

Jirgin ƙarami ne, mai farfela. Jakar ta ƙi shiga ma'ajiyar da ke saman kujeru, ta ƙi shiga ƙarƙashin kujera. Ma'aikaciyar jirgin ta ce doka ba ta yarda a riƙe kaya irin wannan a cinya ba, sai dai a sauke ta ƙasa wajen sauran kaya. Fasinjoji suka fara gunaguni, ana cewa mun tsayar da mutane.

Baba Injiniya ya ce mata, "'Yata, in ta shiga ƙasa ta mutu. In ta mutu akwai yara huɗu da ba su da jini. In ba wuri, a sauke ni, a ɗaure ta a kujerata, wannan baiwar Allah ta kai ta."

Ta dube shi, ta shiga wajen matuƙi, ta dawo. Akwai kujera ɗaya da ba kowa a jikin taga, can baya. Aka zaunar da kwamfutar, aka ja mata bel biyu, shi ya zauna kusa da ita, ni a bayansu.

Muna cikin tafiya muka shiga hadari. Tagogi suka yi duhu da rana tsaka. Jirgin ya yi ƙasa kamar an tsinke igiya, ya taso, ya sake faɗawa. Kofuna suka tashi sama, wata ma'ajiya ta buɗe, jakar wani ta faɗo a tsakiyar hanya. Kowa ya kama addu'a da harshen da ya iya. Na leƙa ta tsakanin kujeru, na ga Baba Injiniya idanunsa a rufe, hawaye na bin kumatunsa, bakinsa na motsi. Bai kama hannun kujera kamar kowa ba. Ya kwanta da rabin jikinsa a kan jakar, hannu ɗaya ya zagaye ta, ɗayan a dafe da aljihun ƙirji. Duk faɗawar da jirgin ya yi, haƙarƙarinsa ne ke dukan ƙarfen.

Da muka sauka sai da aka kama shi ya miƙe. Ya yi amai a gefen matakala, ya goge baki, ya ce, "Malama, mu yi sauri, tsohon nan yana jira."

Tsohon ya gyara ta a kan tabarmar ɗakinsa, yana ba da umarni da baki, Baba Injiniya yana yi da hannu. Washegari da safe muka sake hawa jirgin nan dai. Kafin azahar fanka ta tashi a ɗakinmu, na'ura ta amsa. A firij leda ɗaya ta rage. Da yamma aka kawo wata mai haihuwa jini ya ɓalle mata, leda biyar ta sha daga waɗanda na'urar ta gwada ranar. Ungozomar da ta karɓi haihuwar har yau in ta ga Baba Injiniya sai ta miƙe tsaye. A cikin ledojin nan arba'in da wani abu kuwa, na'urar ta kama biyu masu cuta, waɗanda gwajin gaggawa ya ce lafiyarsu ƙalau.

Tun daga ranar, sau goma ya sake yin wannan tafiya. Na zaci ya saba. Sai bara, da na je gaishe su a gida, matarsa ta gaya mini gaskiya. Ta ce duk ranar da zai hau jirgi ba ya iya cin komai. Yakan tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya, ya nemi gafararta, ya nuna mata inda takardun gida suke. Ta ce, "Na sha ce masa, Malam, ka bar wa yara mana. Sai ya ce ɗan wa zan tura inda ni nake tsoro?"

Baba, kai ne ka tsaya hannu a sama ana maka kallon mugu, ba ka yi fushi ba. Kai ne ka dawo da haƙarƙari a kumbure ka ce mana bango ka buge. Akwai yaran da ke makaranta yau, da uwayen da ke goyon 'ya'yansu, jinin da ke gudu a jikinsu ya bi ta hannunka, ba su ma san kamanninka ba. Namijin duniya mai rawar gwiwa, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi da ƙafarka a ƙasa.

Ku kuma da ke karanta wannan, a kowace ma'aikata akwai aikin da in an tambayi wa zai yi, kowa sai ya sunkuyar da kai. Kada ku jira sai tsoro ya bar ku kafin ku amsa. Shi tsoro bai taɓa barinsa ba.

An yi mana alkawarin sabuwar na'ura, ba ta iso ba tukuna. Wata uku ke nan Baba Injiniya yana zaunar da ni bayan tashi aiki, yana koya mini kwance ƙusa da zare faifai. Jiya na tambaye shi ko tsoron yana raguwa in mutum ya yi ta hawa. Ya ce, "A'a, Malama, ba ya raguwa. Ki dai riƙe ta da kyau."

Ranar da kwamfutar ta sake mutuwa, ni zan ɗauke ta. Tun yanzu gabana yana faɗuwa, amma zan je.