Hamidu na Tiga, Mai Koya wa Iyaye Kwatanta 'Ya'yansu

Kullum in Hamidu ya gama ban ruwan tumatirinsa a Tiga, sai ya wanke ƙafa ya zauna gindin mangwaro da tsohuwar wayarsa. Kafin ya huta, mutane sun iso daga Kiru, daga Doguwa. Duk maganarsu ɗaya: yaronmu ya tafi Sifen, ya daina kira.

Hamidu ya daɗe yana aiki a gonaki masu rumfar leda a can Sifen, ya iya bakin mutanen ƙasar. Masu agajin da ke neman ɓatattu suna da lambarsa. Amma suna ba ya wadatar da su, don yawancin yaran sun canza suna a hanya. Kamanni suke tambaya. Shi ya sa yake koya wa dangi kalmomin, ko an kira yana gona su iya amsawa.

Allo ba shi da shi. Maza yake jerawa. Ya nuna Lado mai kifi: "Alto, dogo ke nan." Ya shafa kan Ubale direba: "Calvo, mai sanƙo."

"Kai Hamidu, kaina ne makarantar taka?"

"Rufe baki, tumbinka ma darasin gobe ne."

Ba ya yarda da kwalliya. In uwa ta ce ɗanta kyakkyawa ne, sai ya ce, "Baba, kowa ma haka ya ce. Ina giɓinsa? Ina ɗingishinsa?"

Wadda ta fi ba shi wuya Inna Hauwa ce, daga wata rugar Dangora. Ɗanta na fari ne ya ɓace. Bafulatana ce, ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta zauna gaban maza tana zayyana jikinsa. Hamidu ya tambaya da Hausa, shiru. Aka gwada Fulatanci, ta sunkuyar da kai. Ga shi an ce akwai wani baƙar fata kwance a asibiti can, ya bugu a ka, ba ya magana, ba wanda ya san danginsa.

Bai matsa mata ba. Ya ce ta zauna kawai ta ji darasi. Ta yi ta zuwa, tana maimaitawa ƙasa-ƙasa. Ranar da wata mai agaji ta kira daga can, ya miƙa wa Inna Hauwa wayar.

"Inna, wannan bakin ba na rugarku ba ne. Ba mai jin ki sai ita."

Ta juya baya. "Alto," ta ce. "Flaco," wato siriri. Sannan "cicatriz," tabo, ta dafa girarta ta hagu inda saniya ta taɓa tunkuyinsa. Hamidu ya ƙarasa bayanin.

Da hoton mara lafiyar ya iso, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Shi ne. Ya ƙara flaco." Ubale da ke zolaya kullum, ranar hula ya sa ya rufe fuska.

Hamidu, kai ne ka san inda kunya ta tsaya, ka zaga ta baya ba ka taka ta ba. Yanzu kunnenka ya yi nauyi, ka ce za ka ajiye wayar. Mun gode, Allah ya saka.

Ku kuma da kuka dawo daga waje da yare a baki, ban da burga a majalisa me kuka yi da shi? Gindin mangwaron na nan. Ubale ya ce kansa ma na nan.